Ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan "toshewa" a takardar gwajin zuciya

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ƙara wa maigidanki lafiya. Kin ce an yi masa gwajin ECG, wato wanda ke zana wutar zuciya a takarda, takardar ta fito da haruffan RBBB, wani ya fassara miki da cewa hanyar zuciyarsa ta toshe, alhali shi yana ta harkokinsa babu abin da ke damunsa. Ni ba likita ba ce. Amma shekara shida na yi ina raka mahaifina wajen likitan zuciya, ni ma kuma an taɓa rubuta mini makamancin haka, shi ya sa na kasa wucewa.

Abin da likitan Baba ya fara fahimtar da ni shi ne, zuciya kamar gida take, tana da bututun ruwa, tana da wayar lantarki. Bututun su ne jijiyoyin da ke kai wa naman zuciya jini, toshewarsu ce ke kawo ciwon ƙirjin nan mai kayar da mutum nan take. Abin da aka rubuta wa maigidanki kuwa maganar waya ce. Wutar da ke sa zuciya bugawa tana tasowa ne daga wani ɗan gurbi a ɗakin sama na dama, sau 60 zuwa 100 a minti in mutum yana hutawa. Sai ta gangaro mahaɗar da ke tsakanin ɗakunan sama da na ƙasa, ta ɗan dakata don na ƙasan su cika da jini, daga nan ta rabu reshe biyu, dama da hagu. RBBB na nufin reshen dama ba ya isar da saƙon da kyau, sai wutar ta zagayo ta hagu, ta iso a ɗan makare. Jinin dai yana tafiya.

Ki dubi takardar, za ki ga ƙananan gidaje kamar na littafin lissafi. Kowane ƙaramin gida daƙiƙa 0.04 ne. Tsinin nan da ake kira QRS, wanda ke nuna wucewar wuta a ɗakunan ƙasa, bai kamata faɗinsa ya kai gida uku ba, in ya kai ko ya wuce, a nan ake zancen jinkiri a reshe. Ana samun na dama a jikin mutane masu ƙoshin lafiya, su tsufa da shi ba su sani ba, kodayake wani lokaci yana biyo bayan ciwon huhu ko hudar zuciya ta haihuwa. Na hagu, wato LBBB, shi likitoci suka fi sa wa ido, domin yakan zo tare da hawan jini da ya daɗe ko raunin naman zuciya.

Nawa daban ne. Tazarar da ake kira PR, wato lokacin da wuta ke ɗauka daga ɗakunan sama zuwa na ƙasa, wadda ya kamata ta tsaya tsakanin gida uku zuwa biyar, ita ce ta ɗan wuce. Mataki na farko ke nan na matsalar mahaɗa, saƙo yana jinkiri a mahaɗa amma kowanne yana isa. Ashe atenolol ɗin da nake sha don hawan jini ne ya jawo, likita ya sauya mini, shi ke nan. Magungunan digoxin da verapamil ma suna yin haka. Sai dai don Allah kada kowa ya karanta wannan ya daina shan maganinsa da kansa, tsayar da irin atenolol farat ɗaya yana da haɗari.

Na Baba ne har yau yake tsaya mini a rai. Wata huɗu yana fama da jiri, sau biyu yana faɗuwa wajen alwala, mu muna cewa tsufa ne, wasu su ce sukari ne ya sauka. Ranar da aka kama hannunsa aka ƙirga, bugu 36 ne a minti. Mataki na uku ne, saƙon sama ba ya isa ƙasa sam, ɗakunan ƙasa suna lallaɓawa da nasu bugun mai rauni. Aka sa masa batirin zuciya a ƙarƙashin fata, ƙasa da ƙashin wuya, ya koma zuwa masallaci da ƙafarsa. Da mun san ƙirga bugun hannu, da bai sha wannan wahalar ba.

Don haka ki sa maigida ya kai takardar likita ya karanta da idonsa, domin rubutun da ke samanta na'ura ce ta buga, takan kuma yi kuskure. Mai yiwuwa a auna jininsa, a yi masa hoton zuciya na eko, a duba ƙoda da sinadarin fotashiyam. Ku adana takardar nan, ki ɗauke ta a waya ma, saboda duk likitan da zai gan shi nan gaba zai so sanin jinkirin tsoho ne ko sabo. In kuwa ya suma, ko jiri ya ɗauke shi, ko ƙirji ya riƙe, ko numfashi ya yi wuya, ko bugun ya sauka ƙasa da 40, asibiti za ku nufa a lokacin, ko da tsakar dare ne.

Shekarunsa nawa, kuma yana shan wani magani a yanzu?