Shin maganin gargajiyar Sin yana da tushe?

Malam, ka tambaya ko maganin gargajiyar Sin yana da tushe, ko kuwa canfi ne kawai.

Su masu wannan magani a wurinsu lafiya daidaito ce. Sun ce akwai wani ƙarfi mai suna chi da ke zagaya jiki ta hanyoyinsa, kuma sai yin da yang, wato ɓangaren sanyi da na zafi, sun daidaita kafin mutum ya zauna lafiya. Shi ya sa mai maganinsu zai ce ka fito da harshe ya duba launinsa, ya ɗora yatsu uku a wuyan hannunka yana jin bugun jini. Tsira siraran allurai da suke yi a jikin mutum kuma don buɗe hanyoyin ne.

A gaskiya kimiyya ba ta gano waɗannan hanyoyi a jiki ba. Amma ganyayensu wani zance ne daban. Daga tsiron chinghawo, dangin tazargade, wata masaniyar kimiyya 'yar ƙasar Sin mai suna Tu Youyou ta samo sinadarin atemisinin, wanda ke cikin maganin zazzaɓin cizon sauro da asibitocinmu ke bayarwa, har ta ci kyautar Nobel a 2015.

Wasu ganyayen kuwa, irin su Aristolochia, suna lalata ƙoda. Kafin ka sha kowane haɗi, nuna wa likita.