Gadon manoman Ingila a farkon zamanin Tudor

Ka tambayi yadda manoman Ingila suke raba gado a zamanin Sarki Henry na 7 da na 8, sarakunan farko na gidan sarautar Tudor, da abin da suke bar wa coci.

Gona dai akasari babban ɗa ke cinye ta dungum, sai a wasu wurare kamar yankin Kent na kudu maso gabashin Ingila da ake raba wa 'ya'ya maza daidai. Sai a 1540 doka ta ba da damar yin wasiyya da ƙasa. Dukiyar hannu kuwa, musamman a arewacin Ingila, kashi uku ake yi: na mata, na 'ya'ya, da na mamaci da yake wasiyya da shi, kusan kamar sulusinmu.

Wannan kason na uku ne ya fi taɓa min zuciya. Manomi ya bar tunkiya ko buhun sha'ir don kyandir a gaban mutum-mutumin waliyyi, ya bar 'yan kuɗi ga limamin coci saboda ushirin da ya manta bai fitar ba, ya biya a yi masa addu'ar coci sau 30 don a sassauta masa azaba bayan mutuwa. Kotun coci ke tabbatar da wasiyyar. A 1547 gwamnatin Edward na 6 ta ƙwace wakafan addu'ar matattu.