Kun tambaya: tiyunar USB da kallon talabijin a 'yar na'urar hannu

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan abu guda suka taru, wato 'yar sandar nan mai kama da filasha da ake soka wa na'ura ta kamo tashoshin talabijin daga iska, ba data ba intanet. 'Yan kasuwa na ce mata tiyuna, mu ma haka za mu kira ta. Na zaɓi biyar.

Ta farko daga wani ɗalibin Kaduna Poli ce, mazaunin Tudun Wada. Ya ce: "Yayana ya aiko min da Steam Deck 'yar Beljiyam, na kuma ji an ce Linux ke cikinta. Zan iya kallon labarai da ita ba tare da ƙona data ba?"

Za ka iya, ƙanena, amma da sharuɗɗa. Linux ita ce babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar, kamar yadda Windows ke yi a laftof. Steam Deck cikakkiyar kwamfutar hannu ce ta wasa da kamfanin Valve ya fitar a 2022, fuskarta inci 7, kuma tana da ƙarfin da zai nuna hoton talabijin ba tare da sarƙewa ba. Matsalar tana wajen ramin USB-C, wanda guda ɗaya tak gare ta, kuma ta nan take shan caji. In ka soka tiyuna, caja ba ta da wurin shiga, sai ka haɗa da 'yar mahaɗa mai ramuka da yawa wadda ke wuce wuta. Bayan ka soka, buɗe tagar rubuta umarni ka rubuta dmesg ka karanta layukan ƙarshe. In Linux ta gane tiyunar, za ka ga an samar da /dev/dvb/adapter0. Daga nan sai neman tashoshi da manhajar w_scan2 ko Kaffeine, kallo kuma da VLC. Wasu tiyunonin, kamar masu aisin Si2168 (aisi shi ne ɗan guntun ƙwaƙwalwar lantarkin da ke cikin tiyuna), ba sa motsi sai an ajiye musu wani ɗan fayil a /lib/firmware. A Steam Deck wannan ɓangaren a kulle yake, kuma ko ka buɗe ka saka, sabunta manhaja na iya share shi. Ka ajiye kwafin fayil ɗin a gefe.

Amma kada ka fitar da ko sisi tukuna. Nemi maƙwabcin da talabijin ɗinsa ke da DVB-T2 a ciki, wato tsarin kama tashoshin dijital ta eriya, a jona eriya, a sa ta nemo tashoshi. Waɗanda suka fito a buɗe, su ne kaɗai tiyunarka za ta nuna maka a unguwarku. In ba su kai abin da za ka kashe wa kuɗi ba, ka huta.

Wasiƙa ta biyu ita ce ta tsaya min a rai. Wani tela daga Rigasa ya rubuto: "Malam, na sayi tiyuna naira 9,000, a jikin kwalin an rubuta DVB-T2 da manyan baƙaƙe. Na jona a Raspberry Pi, 'yar ƙaramar kwamfutar da ɗana ya haɗa min da ƙaramin sikirin. Linux ta gane ta, amma kwana uku muna nema ko tasha ɗaya ba ta kama ba. Mai shago ya ce laifin Linux ne."

Malam, Linux ba ta yi maka laifin komai ba, da alama jabu aka sayar maka. Ka sa ɗanka ya rubuta lsusb, umarnin da ke jero abubuwan da aka soka a USB. Ina kyautata zaton zai ga 0bda:2838, lambar tiyunonin da ke ɗauke da aisin RTL2832U na kamfanin Realtek. Wannan aisin tsohon tsari yake ji, DVB-T, ba mai lamba 2 a ƙarshe ba. Nijeriya kuwa DVB-T2 ta ɗauka tun da aka fara sauya sheƙa zuwa dijital, daga gwajin Jos a Afrilun 2016, zuwa Abuja a ƙarshen wannan shekarar, har aka ƙaddamar a nan Kaduna a Disamban 2017. Tiyunar T2 tana jin yaren T, amma ta T ba ta jin yaren T2 ko da za ka kafa eriyarka a gindin turken tashar. Babu manhajar da za a sauke ta gyara wannan, domin abin a jikin ƙarfen yake.

Abin da ke ɓata min rai shi ne yadda wannan cuta ta zama ruwan dare. Ƙasashen Turai da dama sun bar DVB-T sun koma T2, tsofaffin tiyunoni suka yi kwantai, sai ake sake musu kwali a turo mana. Buga lamba 2 a kan kwali bai kai kuɗin ƙosai ba. Sau da yawa shi kansa mai shagon bai san abin da ke ciki ba, kwalin ya karanta kamar yadda ka karanta. Amma rashin sani bai ba shi damar ɗora wa Linux laifi ba, don kawai ya ga ba ka da bakin musu. Wanda ya karɓi kuɗin mutum a kan sifar da kaya ba su da ita, hakki na kansa har sai ya mayar.

Ni ma an taɓa yi min. Na sayi guda a wani shago a cikin gari, na koma gida, na kwana ina canza eriya. Da na ɓalle murfin washegari, sai na tarar an kankare rubutun da ke kan aisin gaba ɗaya don kada a gane shi. Tun daga ranar ban ƙara sayen irin wannan kaya ba sai da na'urata a hannu.

Laifinmu mu masu saye ma yana nan. Mutum zai tsaya ya ɗanɗana shinkafa, ya murza shadda, ya duba haƙoran rago, amma in aka zo kayan lantarki sai ya miƙa kuɗi a kan hoton kwali. Cinikin biri a sama ke nan. A nuna masa biyu, ya ɗauki mai araha, ya manta araha ba ta ado. Naira 9,000 a hannun tela ɗinkin kaya nawa ne? Ga kuɗin Keke daga Rigasa zuwa kasuwa da dawowa, sau biyu ko uku ana jayayya, ga aikin da aka bari a kan teburi.

Saboda haka ga abin da nake so kowa ya riƙe. Ka tafi da na'urarka shagon, a soka a gabanka, ka duba lsusb da dmesg, domin sunan da aisin ya faɗa da bakinsa shi ne gaskiya. Sunayen da aka san suna jin T2 a Linux sun haɗa da Si2168, da MN88472 da MN88473 na Panasonic, da CXD2837 na Sony. Akwai wata dabara da ke ruɗa mutane: wasu tiyunoni na gaskiya suna da aisi biyu a ciki, na Realtek da na T2, sai Linux ta nuna frontend0 da frontend1. In manhajar ta kama na farko ba za ka ga komai ba, sai ka nuna mata na biyu. A duba wannan kafin a yanke hukunci. Sannan a rubuta maka rasit da sharaɗin mayarwa. Wanda ya ƙi a gwada kayansa, ka bar masa abinsa. Masu oda daga waje kuma su lura: ATSC na Amurka ne, ISDB-T na Japan da Brazil, DTMB na Sin. Duk kyansu, a Kaduna ba za su kama komai ba.

Kai kuma Malam tela, tunda Raspberry Pi gare ka, akwai allon da kamfanin da kansa ya fitar a 2018, TV HAT, mai aisin Sony da ke jin T2, ana ɗora shi kai tsaye a kan filoginta. Tsohuwar tiyunar kuma in mai shago ya ƙi karɓa, kada ka yar. Irinta ake mayarwa rediyon kwamfuta, tana kama FM, ɗanka zai ƙaru da ita.

Ta uku daga Barnawa: "Wace manhaja zan saka tiyunar ta buɗe min GOtv da StarTimes in kalli ƙwallo kyauta?"

Babu. Tashoshin a kulle suke, mabuɗin yana cikin dikodarsu, sai ka biya. Tiyuna za ta iya nuna maka sunayensu a jeri, ka danna ka ga baƙin sikirin. Ko akwatin FreeTV na gwamnati, lokacin da aka fito da shi sai an yi masa rajista ana biyan kuɗin shekara. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya buɗe maka, kuɗinka yake so. Kada a sake aiko min da wannan tambayar.

Ta huɗu wata uwa ce daga Unguwar Rimi. Ta ce ɗanta ɗan shekara 14 ya dame ta da roƙon 'yar na'urar wasa mai suna R36S, yana cewa in an haɗa da tiyuna har ita za ta riƙa kallon tafsiri in an ɗauke wuta. Kuɗin adashinta za ta taɓa, kuma tana tsoron kada ta yi asara, tana kuma tsoron kada ta karya masa gwiwa.

Hajiya, hankalinki ya kwanta, kin yi daidai da kika tambaya kafin ki saya. Yaronki bai yi miki ƙarya ba, Linux ce a cikin na'urar, kuma yaron da ya kai ga wannan tunanin yana da kai, Allah ya raya shi. Sai dai Linux ɗin da ake sa wa waɗannan ƙananan na'urorin wasa an rage mata kaya sosai, galibi ba a bar 'yan manhajojin da ke sa ta gane tiyuna a ciki ba, kuma mayar da su aikin gwanaye ne. Fuskarta inci 3.5 ce, idonki zai wahala. Ga jabunta sun cika kasuwa. In tafsiri ne buƙatarki, rediyo mai caji ya ishe ki, ko ƙaramar talabijin mai aiki da batir ko sola. Shi kuma in kina son ƙarfafa shi, tsohuwar laftof mai lafiya ta fi masa amfani nesa ba kusa ba. A kanta zai koyi Linux ta gaske, tiyuna kuma ta biyo baya in hali ya yi. Kada ki taɓa adashin nan saboda wannan.

Ta ƙarshe daga Rigachikun: "Tiyunata T2 ce ta gaske, tana kamawa, amma hoton na daskarewa, batir kuma ba ya jimawa. In jona ta da dish ɗin gidanmu?"

Kada ka jona. Dish tsarinsa daban, DVB-S2, kuma kansa na buƙatar wuta bolt 13 ko 18 wadda tiyunarka ba ta bayarwa. Daskarewar daga eriya ce. Ɗan tsinken da ke zuwa cikin kwali ba ya wadatarwa sai kusa da tasha, kai kuwa kana bakin gari. Dijital ba ta san hoto mai yayyafi irin na da ba, ko ta kawo tas ko ta tsaya cak. Nemi eriyar UHF ta waje, ka ɗaga ta sama da kwanon rufi, ka juya ta inda na maƙwabta suka fuskanta, ka jawo da waya RG6 da ɗan kan da zai shiga ramin tiyunar. Da damina in hadari ya taso ana walƙiya, cire wayar daga jikin na'urar. Batir kuwa tiyunar ce ke sha, shi ya sa take zafi a hannu. Sa mahaɗa mai wutar kanta ko fawabank a tsakani, ka rage hasken sikirin, in ka gama kallo ka zare ta.