Don girman Allah kar ka sa farar wayar nan a wuta

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Tun bayan sallar asuba na ga tambayarka na kasa wucewa, don abin da ka rubuta kamar ni ka leƙo shekara shida baya. Ka ce ka fara saƙa sulke, rigar yaƙin nan ta zobban ƙarfe, da farar wayar nan ta shinge, hannunka duk ya yi bororo, zobban kuma sai buɗewa suke in ka ɗaga shi, shi ne kake tambaya ko ka gasa wayar a gawayi ta yi laushi ko kuwa ka haƙura ka sayi gamamme kawai. To kafin komai, don girman Allah kar ka kai wayar nan wuta. Na roƙe ka.

Wannan farin da kake gani a jikinta shafen zinki ne, irin na kwanon rufi, kuma in wuta ta ci shi farin hayaƙi yake yi mai guba. Ni ba wanda ya gaya min. Wani dare lokacin sanyi na naɗe waya kusan kilo biyu na jefa a kurfoti cikin ɗakin da nake aiki, na rufe ƙofa saboda iska, ina fifita wutar da murfin kwali ina jin daɗi wai gobe aiki zai yi sauri. Na ga hayaƙin yana tashi fari fat, wayar ta yi wani gari-gari mai ɗan rawaya a jiki, na ce ai datti ne ke fita. Na gama na yi wanka na ci tuwo lafiya lau, babu abin da na ji. Sai wajen ƙarfe biyun dare. Wallahi ban taɓa jin sanyi irin na ranar ba, haƙorana suna haɗuwa, bargo biyu maiɗakina ta lulluɓa min amma jikina rawa yake kamar mazari, bakina ɗanɗanon ƙarfe kamar na tsotsi tsohon kwabo, ƙirjina kamar an ɗora buhun siminti, in na ja numfashi sai tari. Abin da har yau ba ya fita raina shi ne ɗiyata, lokacin shekararta uku, ta shigo ɗakin nan sau biyu ina kora ta, ba don na san akwai haɗari ba, don kar ta taka zobba ne kawai. Da ta zauna kusa da ni kamar yadda ta saba fa? Ina kwance ina karkarwa ina jin numfashinta daga ɗaya gadon, ina ta cewa uwarta ta duba ta ta sake duba ta. Allah ya tsare, ita ba abin da ya same ta. Da gari ya waye aka kai ni asibiti muna zaton zazzaɓin sauro ne, gwaji ya nuna babu, sai da likitan ya tambaye ni sana'ata na ba shi labarin wayar sannan ya ce hayaƙin zinki ne, irin wanda ke kama masu walda. Kwana biyu na yi kafin na dawo daidai. Kuma zancen da ake yi wai ka sha madara ta wanke, kar ka dogara da shi, madara ciki take zuwa hayaƙi kuwa huhu ya tafi.

Kuma ka ga abin takaicin, ko da babu guba gasawar ba za ta yi maka maganin komai ba. Waya in ta sha wuta ta huce a hankali laushi take ƙarawa, kai kuwa matsalarka zobe na buɗewa, ka ga ka ƙara wa Barno dawaki kenan. Wadda na gasa ɗin da yatsa nake buɗe zobenta, duk zubarwa na yi.

Ina kyautata zaton inda ka samu matsala wajen kaurin waya ne da faɗin rodin da kake naɗewa a kai, don ba ka faɗa ba amma yawancinmu nan muka fara faɗuwa. Mutum ya samu siririyar waya ya naɗe a katon rodi don aikin ya yi saurin faɗi, sai zoben ya zama ba ƙarfi. In zoben da ake haɗa bakinsa kawai za ka yi ba ƙusa (wato 'yar ƙusar da ake ɗaure bakin zobe da ita), faɗin ramin zoben kar ya wuce kaurin wayar kamar sau biyar. Ni yanzu waya mai milimita 1.6 nake naɗewa a rodi mai milimita 8, kuma tun da na koma haka ban sake tsintar zobe a ƙasa ba sai jefi-jefi a hammata. Da wannan awon kilo ɗaya na ba ni zobe dubu biyu da 'yan kai, riga mai gajeren hannu da ta sauko cinya ta ci min wajen zobe 25,000, nauyinta kusan kilo 12. Ka lissafa da kanka, waya ta fi mita 700. Shi ya sa nake ce wa duk mai farawa ya saƙa kamar faɗin tafin hannu tukuna, ya rataye shi a ƙusa ya ɗaura masa bulo ya kwana, in da safe ya ga bakin zobba sun yi hamma to ya canza awo tun bai yi asarar wata shida ba.

Batun sayen gamamme kuwa, hmm. Nan ne aka cuce ni cutar da har gobe in na tuna sai raina ya ɓaci. Bayan ciwon nan na yi sanyi da saƙa, na ce bari in nemi tsohon sulke na gaske in ajiye in riƙa koyo a jikinsa. Aka haɗa ni da wani dillalin kayan dawaki, dattijo da furfurarsa, ba zan kama suna ba. Ya kai ni can ƙuryar shago ya ciro shi daga cikin buhu yana bismilla, ya yi jawur da tsatsa, wuyan an yi masa baki da tsohuwar fata, ya ce na gidan sarauta ne magada suka fitar a ɓoye saboda matsi, kar in gaya wa kowa. Har da cewa kakan mai shi da shi ya fita yaƙi kafin zuwan Turawa. Ni kuma zuciyata ta riga ta tafi. Kuɗin da nake tarawa na gyaran rufin ɗakin mahaifiyata na kwasa na ba shi, na ce damina da saura zan mayar. Mutumin nan ya karɓa ya ƙirga a gabana ya sa min albarka, ya ce Allah ya sa in gaji abin. Ya sa min albarka fa.

Wata uku ina shafa masa mai ina nuna wa baƙi. Ranar da wani tsohon maƙeri abokin babana ya zo gaisuwa na ɗauko masa da murna, ya juya shi bai fi minti biyu ba ya ce yaro wannan bai kai shekara biyar a duniya ba. Ya kama zobe ɗaya ya kankare da wuƙa ya nuna min, a ƙarƙashin tsatsar ƙarfen sumul yake, kowane zobe kaurinsa ɗaya da ɗan'uwansa kamar an haife su rana ɗaya, kan kowace ƙusa iri ɗaya sak. Ya ce na da da hannu ake jan waya, dole ka ga wani wuri ya fi wani kauri, kuma inda zobe ya shekara ɗari yana gogar zobe sai ya cinye ya sirance, musamman kafaɗa da ƙugu. Wannan kuwa ko'ina tsatsar daidai take har cikin hammata, alamar jiƙa shi aka yi da ruwan gishiri aka bar shi. Irin waɗanda ake yi a Indiya ne ana fitarwa duniya, sabo aka saya aka tsufar da shi. Na koma wajen dillalin, ya dube ni ido cikin ido ya ce shi bai taɓa cewa tsoho ba ne, ni na ji abin da nake so in ji. A gaban mutane ya ce min in ina da shaida in kawo. Ba ni da ita, mu biyu ne a ƙuryar. Daminar nan da roba da bokiti mahaifiyata ta yi ta, kuma ba ta taɓa ce min uffan ba, wannan shirun nata ya fi komai ci na. Na bar shi da Allah amma ban yafe ba tukuna, gaskiya nake faɗa maka.

Ba wai na Indiyan ba shi da kyau ba ne, kar ka fahimce ni ba daidai ba. In an sayar maka da shi a matsayin sabo da kuɗin sabo, mai ƙusa ne kuma ya fi wanda ni da kai za mu haɗa da filaya ƙarfi nesa ba kusa ba. Sai dai yakan zo da maiƙo mai wari, sai ka wanke, kuma za ka samu zobban da ƙusarsu ba ta kama ba sai ka bi ɗaya bayan ɗaya. Ɗinkinsa ma kamar buhu yake, ba a yi masa ƙari a baya ba, in ka ɗaga hannu ka kama linzami sai ka ji ya riƙe ka. Kuma duk wanda ya ce maka tsoho ne, ka tafi da maƙeri. Kar ka je kai kaɗai ko da limamin unguwarku ne ya haɗa ku.

Hannunka kuma, ka yi haƙuri zai yi kanta. Filaya biyu za ka riƙe masu faffaɗan baki, ka goge haƙoransu da zarto don kar su riƙa cizon waya, ka naɗe mariƙin da tsumma ko robar tayar keke. Zobe kuma ba a buɗe shi ta hanyar ja gefe da gefe, murɗa shi ake yi, ɗaya baki ya yo wajenka ɗaya ya tafi gaba, in za ka rufe ka ɗan wuce da shi kaɗan ka dawo sai ka ji ya ce ƙas. Ka ware rana guda ta naɗi da yanka, wata ranar ka rufe rabin zobban ka tara a gwangwani, sannan ranar saƙa ka riƙa zura huɗu rufaffu a ɗaya buɗaɗɗe. In da injin huda kake naɗi ka sa safar fata kuma ka kula da bakin wayar lokacin da ta ƙare, tana dawowa da ƙarfi, ni ta taɓa tsaga min babban yatsa har sai da aka yi ɗinki. Kar ka wuce awa biyu a zaune, wuyan hannu in ya fara zugi da dare ka huta kwana uku.

Af, hammata. Duk wanda ka ga ya yar da sulke rabi to a hammata ya tsaya, don nan layin jiki da layin hannu ke karo. In ka kai nan ka yi magana in nuna maka, da baki ba ya faɗuwa.

Wani abin da ke damuna, mu duka mun raja'a kan hotunan sulken Turai muna kwaikwayo, alhali namu na nan. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya shigo da lifidi (rigar kariya mai cushen auduga ta doki da mahayi) da kwalkwali da sulke. Ka duba shekara nawa kenan. Har yau in ka tsaya ranar Hawan Daushe za ka ga 'yan sulke da 'yan lifidi sun wuce, saƙar kuma ita ce dai wadda muke yi, kowane zobe ya riƙe huɗu. A Omdurman ta Sudan ma an ci gaba da saƙa sulke da hannu har cikin ƙarnin da ya wuce, kuma haɗa bakin zobe suke yi ba ƙusa, saboda haka kar wani ya raina maka naka don ba shi da ƙusa. Abin da na koya wajen kallon mahaya shi ne ba a sa sulke a kan fata ko 'yar shara, sai da riga mai kauri a ciki, kuma a ɗaure ƙugu da ɗamara a ɗan saki rigar ta sama, nan take rabin nauyin ya bar kafaɗa. Ni sai da na yi yini guda da kilo 12 a kafaɗa ba ɗamara kafin na gane, washegari ko buta ban iya ɗagawa.

In ranka ya kai ga mai ƙusa wata rana, to a nan ne wuta ke da amfani, amma da baƙar waya wadda ba shafe, a fili inda iska ke kaɗawa, ka gasa zobban su huce sannan ka daddale bakin da guduma ka huda ka sa ƙusa. Aiki ne mai cin rai, ni a wata huɗu wuya da ƙirji kawai na gama. Baƙar waya kuma tsatsa take yi da damina, maganinta ka zuba sulken a jarka da busasshen yashi ka rufe ka ba yara su yi ta gara shi a tsakar gida, ya fito fes, ka kakkaɓe ka shafa man keken ɗinki sama-sama. Kar ka sa baƙin mai, na gwada, ya lalata min farar riga kuma warin bai fita ba. Kar kuma ka ajiye a leda, gumi yake yi a ciki, ka rataye a sanda mai kauri ko ka naɗe a tsohon buhun algarara.

Farar wayar da ke hannunka ba asara ba ce, ka ci gaba da ita a sanyinta, in ta yi siriri ka nemi ƙaramin rodi. Tana baƙanta hannu, ka riƙa wankewa kafin cin abinci. Ka ɗauki hoton zobe ɗaya a kan rula da guntun wayar a gefe ka turo nan, yau da dare in sha Allah zan duba in gaya maka rodin da ya dace. Kuma in ka riga ka gasa wani abu kafin ka yi tambayar nan, ka faɗa min gaskiya yanzu, kana jin sanyi ko ɗacin ƙarfe a baki? In ƙirjinka ya riƙe kar ka jira amsata, ka wuce asibiti ka ce musu hayaƙin zinki ka shaƙa.