Ina ake samun littattafan kisa a ɗaki kulle a farashi mai rahusa?

TAMBAYA: Ni malamar sakandare ce a Jos, kuma ina matuƙar son labaran bincike da ake tarar da gawa a ɗakin da aka kulle ta ciki, babu alamar inda mai kisan ya fita. Na zagaya masu sayar da tsofaffin littattafai a kasuwar Taminus ban samu ba, na intanet kuwa da dala ake saya. Ina mafita?

AMSA: Malama, kafin ki ciro ko kwabo, ki fara duba shekarar da littafin ya fito, domin tushen wannan fanni ya tsufa har haƙƙin mallakarsa ya ƙare. Labarin Edgar Allan Poe, The Murders in the Rue Morgue na 1841, da The Big Bow Mystery na Israel Zangwill na 1892, da fassarar Turanci ta The Mystery of the Yellow Room, wanda Gaston Leroux ɗan Faransa ya fara fitarwa a 1907, duk suna shafin intanet na Project Gutenberg kyauta, kuma halal ne saukewa. Idan kina son wanda aka tsaftace rubutunsa, ki leƙa shafin Standard Ebooks. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda wasu ke kwafo waɗannan littattafai, su manna musu bango mai kyau, su sa musu dala guda a kasuwar intanet, alhali ciki cike yake da kurakurai.

Inda za ki kashe kuɗi shi ne wajen John Dickson Carr, wanda ake ɗauka gwanin fannin. Ya rasu a 1977, saboda haka fitattun littattafansa suna hannun masu haƙƙi. Nan sai haƙuri. Ki zuba waɗanda kike so cikin jerin abin da kike muradi a Kindle ko Kobo, kantunan littattafai na intanet, ki yi rajista da shafin BookBub domin ya riƙa aiko miki da sanarwar rangwame ta imel. Irin wannan ragi ba ya daɗewa, wani lokaci kwana guda ne, kuma wanda aka yi wa Amurka ko Ingila ba lallai ne ya bayyana a asusun da aka buɗe da adireshin Najeriya ba, don haka ki duba farashin da ke gabanki kafin ki latsa, ki kuma tabbatar katin bankinki yana biyan dala.

Ki yi hattara da sunaye. The Hollow Man na 1935, wanda a babinsa na 17 Dakta Gideon Fell, mai binciken cikin labarin, ya tsaya yana fayyace dabarun kisa a ɗaki kulle, shi ne The Three Coffins a bugun Amurka, kada ki biya sau biyu. Carter Dickson kuma Carr ne da wani sunan alƙalami, sai ki nemi sunayen biyu.