Tambayi likita: shan iska, wankan dam da shanya jariri a rana

Likita, ni daga shago sai gida, ga hawan jini. An ce in riƙa fita shan iska. Da gaske yana da amfani? — Wani ɗan kasuwa, Ƙofar Ƙaura, Katsina

Ƙwarai kuwa, Alhaji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato minti 30 sau biyar. Ka taka da ƙafa bayan Asuba ko da la'asar sakaliya, inda akwai inuwar bedi. Ban da tsakar rana, ka san zafinmu na Afrilu yana haura maki 40. Amma kada ka ajiye maganinka, kuma ka ci gaba da zuwa awo.

Ba na fita sosai, kuma kwanan nan raina a ƙuntace yake, barci ma ya ƙi. — Wata matar aure, Daura

Sannu, 'yar'uwa. Ba sai kin je daji ba, balle yadda hanyoyi suke yanzu. Ki fito tsakar gida da hantsi, ki shimfiɗa tabarma, ki ajiye waya. Hasken safiya yana daidaita lokacin barci, kuma kula da ɗan zogale ko rama a gefen katanga yana ɗauke hankali daga tunani. Suratul Gashiya ma ta kira mu mu dubi raƙumi da sama da duwatsu da ƙasa. Sai dai in ƙuncin ya kai mako 2, ko kika ji rayuwar ta fita a ranki, ki zo asibiti, kada ki ɓoye.

Yarona yana wanka a dam, yanzu yana fitsarin jini. Abokansa sun ce alamar girma ce.

Ba girma ba ne, tsargiya ce. Ƙwayar cutar tana fitowa daga dodon koɗi a ruwan da ba ya gudu, ta shiga ta fata. A kai shi a gwada fitsarin, akwai magani, praziquantel. In aka bari tana lalata mafitsara da ƙoda.

Jaririyata kwananta 4, idonta ya yi rawaya. Kakarta ta ce shawara ce, a riƙa shanya ta a rana da safe, a ba ta ruwan gulukos. — Wata mai jego, Katsina

Maijego, ki ajiye wayar nan ki ɗauke ta zuwa asibiti yau, ba gobe ba. Sauran bayanin kya karanta a hanya.

Wannan shawara tana faruwa ne idan wani sinadari mai suna bilirubin ya taru a jini, hantar jariri ba ta yi ƙwarin fitar da shi ba. Da yawa takan wuce da kanta, gaskiya ne, shi ya sa kakanni suke ganin ranar ce ta yi aiki. To amma ido ba ya iya bambance mai wucewa da mai kisa, sai an auna. In sinadarin ya yi yawa yakan haye ƙwaƙwalwa, yaro ya tashi kurma ko jikinsa a sandare, kuma wannan ba ya gyaruwa.

Abin da ke ƙona mini rai, sai an kwashe kwanaki ana shanya da ɗura jiƙo, sannan a kawo mana jariri ya daina kama nono, yana kuka mai tsini, yana banƙarewa. A lokacin mun makara. Rana tana ƙona fatar jariri, ta ƙafar da ruwan jikinsa, ba wanda ya san adadin hasken da ya samu. A asibiti shuɗin haske ake sa shi a ciki, an rufe masa ido, ana bibiyar jininsa. Gulukos kuwa ba ya wanke komai, cika ciki kawai yake yi ya hana shan nono, alhali nonon ne ke taimakawa a fitar da sinadarin ta kashi.

Sai kafur. Don Allah a cire shi daga akwatin kayan jariri. Yara da yawa a ƙasar nan, musamman maza, ana haifarsu da ƙarancin wani sinadari mai kare ƙwayoyin jini da ake kira G6PD, kafur yana fasa musu ƙwayoyin jini ya tsananta shawarar.

Ki gaishe da Hajiya, ki lallashe ta ku taho tare ta ji daga bakinmu. Amma ko ba ta yarda ba, ki taho yau.

Ina da asma. In fita tafiya da hunturu?

Ranar da hazo ya yi kauri, a'a. Sauran ranaku ka rufe hanci da baki, abin shaƙarka na aljihu. In numfashi ya sarƙe bai saki ba, wuce asibiti kai tsaye.