Tambaya da Amsa: Ina Iyakar Aikin Mataimakin Likitan Fata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na je asibiti kan wani ƙurji a wuyana da ya ƙi warkewa, sai aka haɗa ni da mataimakin likita. Har ya ce zai ɗebi ɗan nama a gwada. Anya wannan aikinsa ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Aikinsa ne, kwantar da hankalinki. Sana'ar ta samo asali ne a Amurka a 1965, lokacin da Dakta Eugene Stead ya buɗe ajin farko a Jami'ar Duke. A can sai mutum ya yi digiri na biyu na shekara biyu da 'yan watanni, ya ci jarrabawar ƙasa, kafin a ba shi lasisi. Yana duba maras lafiya, ya rubuta magani, ya yi ƙananan tiyata, duk tare da likitan da ke kula da aikinsa.

Ɗibar naman ba ta ɗaukar lokaci. Zai goge wurin, ya yi allurar kashe zafi ta lidocaine, sannan ya murza wani ɗan ƙarfe mai zagayayyen baki, faɗinsa milimita 3 ko 4, ya ciro guntu. Ɗinki ɗaya ko biyu ya isa. Guntun kuma nan take ake jefa shi cikin ruwan formalin mai hana nama lalacewa, a aika ɗakin gwaje-gwaje. Zaren ɗinkin da aka yi a wuya ana cire shi bayan kamar mako guda.

Wuri biyu ake yin kuskure. In aka matse naman da hantsaki, ƙwayoyinsa sun murƙushe, mai dubawa ba zai ga komai ba. In kuma gyambo ne aka ɗebo daga tsakiyarsa, mataccen nama aka aika. Daga gefe ake ɗiba. Ke kuma naki shi ne ki faɗa masa idan tabonki kan kumbura ya yi ta girma, ko kina shan maganin tsinka jini, ko kina shafa mai mai sitiroyid, wato sinadarin da ke cikin wasu mayukan ƙaiƙayi da na bilicin, domin wannan man yana ɓoye kamannin cuta. Da yawa kan ji kunyar faɗin na ƙarshen, kuma shi ya fi rikita sakamako.

Tambaya: An daskarar mini da wani tsiro a bayan hannu, ya faɗi, amma wurin ya yi fari fat. Ganganci ne?

Amsa: Malam, ba lalle ba ne. Ruwan naitirojin da aka fesa maka sanyinsa ya kai digiri 196 ƙasa da sifili, kuma ƙwayoyin da ke ba fata launi sun fi sauran saurin mutuwa a sanyi. Shi ya sa a baƙar fata gwani kan taƙaita feshin, gara a dawo bayan mako 2 ko 3 a sake. Launin kan dawo cikin watanni, wani lokaci bai dawowa duka. Laifi ɗaya dai, in ba a gargaɗe ka tun farko ba.

Amma tawadar Allah da ta canja launi, ta fara jini, ko ta fito a tafin ƙafa tana faɗaɗa, ba a daskarar da ita. Sai an gwada ta, kuma likitan fata da kansa ya gani.